Yadda Ake Yawon Gonakin Inabi a Lokacin Kaka Ba Tare da Kusantar Giya Ba

Mutanen Katsina da Daura sun yawaita a ƙasashen da ake noman inabi. Akwai ɗalibanmu a Turkiyya da Masar, akwai 'yan kasuwar da ke zuwa Istanbul saro kaya, akwai kuma malaman jami'o'in Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma waɗanda taron ƙara wa juna sani kan kai su Jamus ko Faransa ko Siwizalan. Duk wanda tafiyarsa ta faɗo a Satumba ko Oktoba, ba abin mamaki ba ne a gayyace shi yawon gonakin inabi, domin a can lokacin ne kakar inabi, kuma masu gayyatar galibi sukan haɗa yawon da ɗanɗana giya. Saboda haka da yawa daga cikinmu kan ba da uzuri su zauna a masauki. Barin giya wajibi ne da babu ciniki a kansa, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta gama maganar. Amma gonar da 'ya'yanta ba su da laifi. Alƙur'ani ya ambaci inabi cikin ni'imomin Allah a wurare da dama, kuma a tarihin Manzon Allah (SAW), ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi, nonon inabi ne wani bawa mai suna Addas ya kawo masa a jikin garka. Abin da Musulmi ke buƙata shi ne ya san inda zai je, da abin da zai sa a bakinsa, da inda zai ja birki.

A fara da sanin lokaci. A yawancin Turai da Turkiyya ana tsinkar inabi daga Agusta zuwa Oktoba, wurare masu zafi su riga, masu sanyi su biyo baya. Masar kuwa tun daga watan Mayu nata ke shiga kasuwa, yayin da Afirka ta Kudu ke tsinke nata daga ƙarshen shekara zuwa Afrilu. Akwai zaɓin da dole mutum ya yi: wanda ke son ya ɗanɗana ya je a Satumba, lokacin da nonna ke rataye a jikin kuranga, wanda kuma ke son ganin ganye ya rine ya koma ruwan ɗorawa da ja ya jira ƙarshen Oktoba, sai dai a lokacin an riga an kwashe amfanin. Ni dai na fi ba da shawarar Satumba, domin launin ganye hoto na iya nuna maka shi, ɗanɗano kuwa sai da harshenka.

Sai kuma zaɓen wuri, kuma a nan ne rabin wahalar ke warwarewa. Gonakin inabi iri biyu ne. Akwai waɗanda ake noma domin ci da yin zabibi, akwai waɗanda ake noma domin a matse a yi giya. Wanda ke da dama ya nufi na farkon, kuma Turkiyya ce ta fi sauƙi a gare mu ta fuskar abinci da wurin salla. A lardin Manisa, wajen garuruwan Alaşehir da Salihli, ake noman inabi maras ƙwallo mai suna Sultaniye, wanda ya sa ƙasar take cikin manyan masu sayar da zabibi a duniya. Daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba za ka ga an tsoma nonna cikin ruwan da aka haɗa da sinadarin fotash da ɗan man zaitun, an baje su a kan shimfiɗu a rana, domin haɗin yana tsattsaga kakin da ke jikin ɓawon, sai inabin ya bushe cikin kimanin mako guda zuwa kwana 10. A yankin Kapadokiya na tsakiyar Turkiyya kuma ana barin kurangar ta zauna ƙasa-ƙasa ba tare da an ɗora ta a kan waya ba, a ƙasa mai toka da aman wutar duwatsu ya bari, kuma tun zamanin da mutanen wurin ke sassaƙa wa tattabaru ɗakuna a jikin duwatsu domin su tara kashinsu su yi taki. Hanyar ƙafa da ke tsakanin Göreme da Uçhisar, wadda ake kira Kwarin Tattabaru, ba ta da nisa sosai, kuma ta isa ta nuna wa baƙo wannan hikima.

Idan kuwa Turai mutum ya samu kansa, yawancin gonakin da ake yawo a cikinsu na giya ne, amma hanyoyin ƙafar da ke ratsa su na kowa ne, ba sai an shiga wurin shaye-shaye ba. Misali mafi kyau shi ne Lavaux a Siwizalan, gangaren da ke kallon tafkin Janeba tsakanin Lozan da Montreux, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Tun ƙarni na 11 aka fara yanka gangaren hawa-hawa ana tokare kowane hawa da katangar dutse, kuma mutanen wurin kan ce inabinsu rana uku yake sha: ta sama, da hasken da tafkin ke mayarwa, da zafin da katangun ke tarawa da rana su saki da dare. Daga Saint-Saphorin zuwa Lutry kimanin kilomita 11 ne, kuma jirgin ƙasa na tsayawa a ƙauyukan da ke bakin tafkin, don haka wanda ya gaji na iya yanke tafiyar a tsakiya. Irin waɗannan hanyoyi suna nan a Alsace ta Faransa kusa da birnin Colmar, da kwarin Wachau na Ostiriya tsakanin Melk da Krems, da kwarin Douro na Fotugal.

Shirin tafiyar ba shi da yawa, amma kada a raina shi. A bar takalmi mai santsi da silifa a masauki, a sa kambas mai riƙe ƙasa, domin matakalan dutse ne da gangare, ga raɓar safiya. A ɗauki rigar sanyi mara nauyi da za a iya cirewa idan rana ta ɗaga, da rigar ruwa, da hular rana, da gorar ruwan da za ta isa sha da alwala, da ƙaramar sallaya. Doguwar riga ko abaya mai jan ƙasa tana wahalarwa a matakala, gara wadda ta tsaya a idon sawu da wando a ciki, kuma tsawon wandon yana da wani amfani, domin ciyayin Turai na da kaska mai ɗauke da cuta, ya kamata mutum ya duba jikinsa da yamma. Rina da ƙudan zuma na taruwa a kan inabin da ya fashe, don haka mai rashin lafiyar harbinsu ya tafi da maganinsa. Yini kuma yana gajarta da sauri a wannan lokaci, har ma ƙasashen Tarayyar Turai kan mayar da agogo baya da awa guda a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, saboda haka a duba lokutan salla na garin da ake ciki kafin a fita. Alƙibla ma ba inda muka saba take ba: daga yammacin Turai tana kudu maso gabas, daga Turkiyya kuwa ta fi karkata kudu.

Da an shiga tsakanin gonakin, doka ta farko ita ce kada a tsinki ko ƙwaya ɗaya ba da izini ba. Rashin shinge ba ya nufin an yafe, kuma abin da ke rataye a wurin guzurin shekarar wani ne. Bayan haƙƙin mai gona akwai batun lafiya, domin ana yi wa inabi feshi sau da yawa a shekara. Idan ka ga ganye da wani shuɗi-shuɗi a jikinsa, wannan alamar haɗin Bordeaux ce, wato sinadarin tagulla da farar ƙasa, wanda masanin tsirrai Millardet ya tabbatar da amfaninsa a kan fumfuna a shekarun 1880, bayan ya lura cewa kurangogin bakin hanya da manoma ke watsa wa haɗin domin su tsorata masu tsinka suna tafiya sun fi sauran lafiya. A tsaya a kan hanya, a ba tarakta wuri domin masu aiki na cikin gaggawa, kada a taɓa ragar da aka rufa saboda tsuntsaye, kuma kada a ɗauki hoton ma'aikata sai sun yarda. Idan ka ga mai gonar, ka yi masa gaisuwa da harshen wurin ko da kalma ɗaya ce, sannan ka tambaye shi ko yana sayar da inabin ci. Matambayi ba ya ɓata, kuma sau da yawa manomi kan yanko nono guda da almakashinsa ya miƙa wa baƙon da ya nuna yana girmama aikinsa.

Kafin ka ci, ka durƙusa ka dubi gindin kurangar. Ɗan sama da ƙasa kaɗan za ka ga wani kumburi kamar gwiwa, wanda shi ne wurin auren itacen. A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwa, ya halaka gonaki masu ɗimbin yawa, kuma maganin da aka samu daga ƙarshe shi ne a aura reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau haka ake yi a mafi yawan gonakin duniya. Wannan ne kuma ya sa a wasu wurare ake hana baƙi shiga tsakanin layuka, ko a nemi su tsoma takalmansu a ruwan magani, tun da ƙasar da ta maƙale a tafin takalmi na iya kai cuta daga gona zuwa gona.

Ɗanɗanon kansa yana son natsuwa, kuma safiya ta fi dacewa da shi, lokacin da 'ya'yan ke da sanyi. A guji cin goro ko shan gahawa ko tauna cingam gab da lokacin, a kuma rage turare a wannan rana, domin hanci ne ke yin rabin aikin. A wanke nonon da ruwan gora. Farin ƙurar da ke jikin ƙwayar ba datti ba ce, kaki ne da itacen ke yi domin ya kare ta, kuma ganinsa alama ce cewa hannaye ba su jagwalgwala ta ba. A dubi karan: kore mai lanƙwasuwa na nufin yanzu aka yanko, busasshe mai ruwan ƙasa na nufin ya kwana biyu. Sai a ciri ƙwaya uku, ɗaya daga kafaɗar nonon, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga wutsiya, domin ba lokaci guda suke nuna ba, haka ma gefen da ke kallon rana yakan bambanta da wanda ke inuwa. Ka sa ƙwayar a baki, ka danne ta da harshe a jikin ganda har ta fashe, ka tsaya ka ji zaƙi da tsami kafin ka haɗiye ruwan. Daga nan ka tauna ɓawon shi kaɗai na ɗan lokaci, a nan ne ƙanshi da bauri suke. Sai ka tofar da ƙwallayen a tafin hannunka ka duba: kore mai ɗaci na nuna cewa da sauran kwanaki, mai ruwan ƙasa da ke karyewa ƙaras a haƙori na nuna cewa nuna ta kai.

Abin da ya sa manomi ke damuwa da wannan shi ne inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Tun daga lokacin da ƙwayar ta fara laushi tana sauya launi, sukari ke hawa tsami na sauka, kuma ranar da almakashi ya taɓa shi lissafin ya tsaya. Shi ya sa za ka ga mai gona da wata 'yar na'ura a aljihu, ya ɗiga ruwan ƙwaya a kan gilashinta, ya rufe, ya ɗaga ta wajen haske yana leƙawa da ido ɗaya. Ma'aunin Brix yake karantawa, wanda kowane maki ɗaya ke nufin kusan giram ɗaya na sukari a cikin giram 100 na ruwan. Inabin ci yakan kai 16 zuwa 19, na matsa kuwa yakan wuce 20, don haka ƙananan ƙwayoyin nan masu kaurin ɓawo da yawan ƙwallo sun fi manyan da muke saye a roba a kasuwannin Katsina zaƙi. Idan an kawo iri-iri, a fara da fari a ƙare da baƙi, a ajiye irin Muskat mai ƙarfin ƙanshi zuwa ƙarshe, ana kurɓar ruwa ko a gutsuri burodi tsakanin iri da iri. Mai ciwon sukari ya tsaya a 'yan ƙwayoyi kaɗan, kuma a tsaga wa ƙananan yara ƙwayar a tsaye gida huɗu, domin tana iya toshe musu maƙogwaro.

Wurin da haɗarin yake na gaskiya shi ne abin sha, musamman wanda ya yi kama da lemo. A jikin ɓawon inabi da cikin iska akwai yis, kuma da zarar an matse ruwan aka bar shi a wuri mai ɗumi, cikin kwana ɗaya ko biyu yis ɗin ke fara cin sukarin yana fitar da barasa da iska. Duk wanda ya taɓa barin gorar kunun aya a mota da rana ya dawo ya same ta ta kumbura tana huci ya san irin wannan aikin. A kakar inabi ana sayar da wannan ruwa yana tsaka da tafasa, wato tsimuwar da yis ke sa shi: a Jamus sunansa Federweisser, a Ostiriya Sturm, a Siwizalan Sauser. Gurɓatacce ne a ido, yana da zaƙi da 'yar kumfa, ana ajiye kwalbarsa a tsaye da murfi a sassauce saboda iska, kuma barasar cikinsa takan fara daga kusan kashi 4 cikin 100 tana hawa kullum. Giya ce, ko da mai sayarwa ya ce bai gama zama ba. A Jamus kuma akan haɗa shi da gasasshen burodin albasa wanda galibi akwai naman alade a ciki. Abin da za ka nema shi ne tataccen ruwan inabi da aka dafa aka rufe a kwalba, wanda a Jamus da Ostiriya ake rubuta masa Traubensaft, a Faransa jus de raisin, a Turkiyya üzüm suyu, ko kuma wanda aka matse a gabanka ka sha nan take. Ko şıra ta Turkiyya, wani ruwan inabi da mutane da yawa ke sha, ɗan tsimamme ne, don haka a tambayi yaushe aka yi ta. Giyar da aka ce an cire mata barasa kuwa, giya aka fara yi kafin a tace, kuma a ƙasashe da yawa doka ta yarda a bar kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a ciki. Shawarata ita ce a bar ta, tun da ga abin da babu shakka a kansa a kusa.

Idan da rukuni aka tafi, a sanar da mai gayyata tun kafin ranar, ba sai an zauna an cika kofuna ba. Magana ɗaya ta isa: ba ka shan giya saboda addininka, ba ka kuma zama a teburin da ake shan ta, amma kana son ganin gonar. Hadisi ya hana zama a irin wannan tebur, don haka idan aka iso ƙofar ɗakin ajiyar giya sai ka rabu da su cikin mutunci, ku sa lokacin haɗuwa a tashar jirgi ko dandalin ƙauye, ka yi sallarka a wannan tsakani. Ɗakunan ajiyar nan na ƙarƙashin ƙasa ma suna da haɗari a lokacin, domin iskar da tafasar ke fitarwa ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa ba ta da launi, kuma ta sha kashe ma'aikata. A wurin cin abinci a yi tambaya a kan miya da romo, domin narkakken cukun Siwizalan da ake kira fondue da farar giya ake haɗa shi, haka wasu shinkafofin Italiya da dahuwar naman Faransa.

Ɗalibai kan samu tayin aikin tsinka na 'yan makonni, kuma kuɗin na da jan hankali. Kafin a karɓa a kira malami a gida a yi masa bayani dalla-dalla: "Allah gafarta Malam, an ba ni aikin tsinkar inabi, kuma na bincika na tabbatar matse shi za a yi a yi giya, mene ne hukuncina?" Inda inabin zai tafi shi ne ginshiƙin tambayar, domin hadisin da ya la'anci masu hannu a giya ya haɗa da mai matsa ta da mai ɗaukar ta. A kuma duba ko bizar da ake riƙe da ita ta ba da izinin aiki.

Wanda bai da halin ƙetare teku ba a bar shi a baya ba. A ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, kusa da Zariya, manoma sun yi suna wajen noman inabin ci, kuma daga Katsina tafiyar yini guda ce ta Funtuwa. Sai dai lokacinsu ba ya bin na Turai. A ƙasa mai zafi kuranga ba ta samun sanyin da zai sa ta yi barci, don haka manomi ne ke tsara lokacin nuna ta hanyar datse rassa, kuma yakan kauce wa tsakiyar damina domin ruwa mai yawa na fasa 'ya'yan yana jawo fumfuna. A yi waya a ji ranar tsinka kafin a hau mota, a tafi da kwali mai iska, kada a danne nonna a buhu.

A batun tsaraba, zabibi ya fi komai sauƙin ɗauka. Bayansa sai maɗin inabi da Turkawa ke kira pekmez, wanda ake yi ta hanyar tattake inabi, a zuba wata farar ƙasa ta kashe tsamin, a tace, a dafa a manyan tukwane na sa'o'i har ya yi kauri, ana cin sa da niƙaƙƙen riɗi da burodi da safe. Akwai kuma gyaɗar Turawa da ake shiryawa a zare, a tsoma a kakkauran ruwan inabi a rataye ta bushe. A sa maɗin a babban akwati a naɗe shi da leda biyu, tun da yawancin filayen jirgi ba sa barin ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu. Reshe ko dashe kuwa kada a ɓoye shi a kaya. Shigo da tsiro Najeriya na buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, kuma reshe ɗaya na iya zuwa da ƙwaro ko cutar da babu ita a nan. Wanda ke son ya gwada dasa inabi a lambunsa a Ajiwa ko Jibiya ko Daberam ya sayi dashe daga manoman gida, ya tambaye su sunan irin, da yawan ban ruwan da yake so a watannin Maris da Afrilu, da watan da suke datse shi.